Taku Uku da Baya

Masu juya koko, wanda ake cakulan da shi, su ne suka tsinci gawar Maigida, Don Leoncio Urbaneja, da hantsin Larabar farkon wata, kwance rub da ciki a bayan rumfar da ake ruɓar da ƙwayar koko, ƙeyarsa a fashe, hularsa can gefe cikin taɓo. Ina bakin rafi a lokacin, zanin gadonsa a hannuna ina dukansa a kan dutse. Mu shida ne masu wanki, kuma da labari ya iso ba wadda ta yi hawaye. Kowace sai ta yi tsuru tana tunano inda mijinta da 'ya'yanta maza suke tun asuba.

Ni ƙanena na tuna, Cipriano. Kwana biyu kafin nan, a filin shanyar koko, Maigida ya zabga masa bulalar doki a fuska don ya gaishe shi daga kan alfadari bai sauko ba. Cipriano ya shafo jinin ya duba, ya ce, "Wata rana ƙasa za ta daidaita mu." Tun yana yaro bakinsa ba linzami, na yi faɗa har na gaji. Mutum talatin suka ji wannan magana, kuma kafin a rufe gawar da mayafi talatin ɗin sun maimaita ta.

Saje Pantoja ya iso daga gari kafin rana ta take, da 'yan sanda biyu. Bai ko leƙa gawar ba ya sa aka ɗaure Cipriano a turken alfadarai. Ya ce ƙarfe huɗu, in zafi ya sassauta, za su kama hanya. A gonar Santa Rufina har goyo ya san hanyar bakin kogi. Wanda aka bi da shi ta nan a ɗaure ba ya isa gari, kullum sai a ce ya yi yunƙurin gudu.

Na bar wankin a rafi na bazama neman mijina.

*

Nicanor mai bin sawu ne. Ɓatacciyar saniya, damisar da ta ɗauki akuya, yaron da ya shige daji, duk shi ake kira. Ko baƙi ɗaya bai iya karantawa a takarda ba, amma ba tafin ƙafar da ke gonar nan da bai sani ba kamar fuskar mai shi. Halinsa ɗaya ke ƙona mini rai: ba ya sauri. Ko gida ya kama da wuta sai ya tsaya duba ta inda ta faro.

Na same shi tuni ya kewaye wurin gawar da sanduna, yana tsugune.

"Tsoho, sun ɗaure Cipriano."

"Na gani. Janye ƙafarki, Casilda, kina taka mini magana."

Saje ya ƙaraso yana sakace, ya tsaya a kansa.

"Kai ne sarkin ƙasar? Me ta gaya maka, ko har yanzu gaisawa kuke?"

"Ta fara magana, ranka ya daɗe."

"Ga sawun alfadarin ɗan iskan can, ko makaho ya gan shi."

"Alfadarinsa ne kam. Amma dubi cikin sawun, duk ɗigon ruwan sama. Ya wuce ana yayyafi. Na Maigida kuwa sumul yake, bayan ruwa ya ɗauke ya zo."

"Sai ya ɗaure dabbar a gaba ya dawo da ƙafa."

"Da na ga ƙafar. Babban yatsan Cipriano a karkace yake tun da jaki ya taka shi."

Ya nuna mana sauran da tsinke. Ga ƙafafun mutum biyun da suka tsinci gawar. Ga sawun karnukan gidan guda uku, sun yi dambe a kan wani abu, sun bar yagaggen ganyen ayaba da guntun zare. Sannan ga wani sawu da ya fito daga wajen babban gida, ya bi bayan Maigida har ya tsaya dab da shi: dogon takalmin hawa, mai ƙusoshi biyar a dunduniya.

Tsinken sakace ya tsaya a bakin Saje. Takalmin hawa ƙafa biyu ne kacal a Santa Rufina. Ɗaya yana ƙafar mamacin. Ɗayan na ɗansa ne, Fermín.

"Kai, mai sawu," in ji Saje, murya ƙasa-ƙasa. "Kana da iyali?"

"Ga ta nan tana taka mini aiki."

"To ka riƙe bakinka. Ni ban ga komai a nan ba sai taɓo."

"Ban ce kowa ba, ranka ya daɗe. Takalmi na ce. Ka ba ni zuwa ƙarfe huɗun."

"Ka ɗauka. Huɗu da minti ɗaya mun tafi."

*

Nicanor bai taɓa taka cikin babban gida ba, kuma ranar ma ba a ce ya shigo ba. Daga ƙasan matakala ya tsaya, hula a hannu, aka kira masa ƙaramin maigida. Fermín ya fito idanu jajur, ban sani ba ko kuka ne ko giyar jiya. Kowa ya san shi da uban ba sa ga maciji, don tsohon ya hana shi komawa birni.

"Ina ka kwana, ranka ya daɗe?"

"Kai wa ya ba ka izinin tambayata?"

"Ba kowa. Takalminka ne ya je wajen gawar, na ce ko kun je tare."

Fermín ya waiwaya ya ga uwarsa, Doña Amparo, a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kaya. Sai ya sauko matakala biyu ya rage murya. A ƙauye ya kwana, gidan wata bazawara mai sayar da giyar rake, kuma ƙarar ƙararrawa ce ta tashe shi. Da farin takalminsa na yawo ya tafi. Na hawan yana baranda inda ake ajiye masa.

Aka ɗauko. Sai ƙyalli yake, an goge shi tas, ko ƙwayar laka babu. Nicanor ya zura hannu ciki har gwiwar hannu, ya daɗe, ya fito da shi ya shinshina yatsunsa. Sannan ya roƙi Fermín ya sa ya ɗan taka a ƙasa mai laima. Yaron ya taka, yana zagi.

"Ba shi ba ne," Nicanor ya ce da ni da muka juya. "Shi ƙato ne, takunsa dogo, yatsunsa na danne ƙasa. Wanda ya sa shi da safe ƙafarsa ba ta cika shi ba. Gaban takalmin fayau yake, dunduniya na ja."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na so a ce ɗan gidan ne. Ko ba a kama shi ba, da dai sun ji kunyar kashe mini ƙane a kansa.

*

Muka biya ta turke. Rana ta gasa Cipriano, shatin bulalar ya kumbura ya rufe masa ido ɗaya. Na ba shi ruwa a ƙoƙo, ɗan sandan ya kau da kai.

"Ina ka je da asuba?" in ji Nicanor.

"Saran ayaba, can sama da mashaya."

"Wa ya gan ka?"

"Alfadarina. Ka tambaye shi, ya fi Saje hankali."

"Rufe mana baki," na ce. "Bakin nan ne ya ɗaure ka."

Ya yi 'yar dariya, sai dariyar ta mutu. Ya dube ni da ido ɗayan.

"Yaya, in an tafi da ni, ki ce wa Saje ya harbe ni ta gaba. Kada a ce wa 'ya'yana gudu na yi."

Na duba inuwar turken, ta fara karkata gabas.

*

Ƙarfe biyu ta wuce, Nicanor yana zaune gindin mangwaro yana zane a ƙasa da tsinke, ni kuwa na kasa zama. In je rafi in dawo, in leƙa turke in dawo. Na kawo masa wake da gurasar rogo, ya ture.

"Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya," ya ce. "Na bi sawun ɓarawo, na bi na mahaukaci, na bi na wanda ya sari ɗan'uwansa. Duk wanda ya yi kisa, juyawa yake ya tafi, ko da gudu ko da sanɗa. Wannan bai juya ba. Ya ja da baya, fuskarsa na kallon gawar."

"Tsoro ne mana."

"Mai tsoro takunsa a hargitse yake. Wannan a jere, kamar an auna. Ɗaya, biyu, uku. A na ukun ƙafar dama ta koma bayan ta hagu, kan takalmin ya nutse, kamar an sauke nauyi a kansa. Sannan ya juya ya tafi abinsa."

Dariya ta kuɓuce mini, duk da halin da nake ciki. Shekara ashirin yana nuna mini ya fi ni sanin komai, yau ga abin da ko 'yar wanke-wanke ta sani ya gagare shi.

"Haba tsoho, ai wannan sallamar cikin gida ce. Ba a juya wa Maigida baya. Ka ajiye abin da ka kawo, ka ja taku uku, a na ukun ka rusuna. Ka ga, haka."

Na tattare siket na yi masa. Ɗaya, biyu, uku, gwiwa ta lanƙwasa. Ina cikin rusunawar ne na ji abin da bakina ya faɗa, na kasa miƙewa.

Nicanor bai dubi fuskata ba. Sawun da na bari yake kallo, daga nan ya koma kan ƙafafuna.

"Wa ya koya miki?"

"Tsohuwar Uwargida, uwar mamacin. Shekara biyu na yi a cikin gida ina yarinya. Da sandar gora take koyarwa, a ƙwauri." Sai na harzuƙa. "Daina kallon ƙafata. Ina rafi tun asuba, mata biyar na wurin."

"Na sani. Taki rusunawar ta yi tsatsa, kin karkace. Wancan ko kaɗan bai karkace ba. Su wa ke yi har yanzu?"

"Ja da bayan, duk masu aikin ciki. Rusunawar kuwa an bar ta tun da tsohuwar ta mutu."

"Kowa ya bari?"

Mutum ɗaya ce ba ta bari ba, har muna yi mata tsiya a kai. Inna Brígida, mai dafa abinci da kai shi tebur, shekara arba'in da ɗaya a gidan. Ita ta karɓi haihuwata ta fari, ita ce uwar baftismar 'yata. Lokacin da tsohuwar ta fasa mini ƙwauri, ita ta shafa mini man koko ta ɓoye ni a bayan murhu.

"Ba sai kin faɗa ba," in ji Nicanor. Ya tashi ya kakkaɓe wando. "Zan sa a tara mutane a filin shanya."

"Ba ni rabin awa."

"Casilda."

"Rabin awa na ce."

*

Kicin ya cika da tururi. Ana dafa abincin masu zuwa ta'aziyya, Inna Brígida tana tsaye kan tukunyar baƙin wake, bayanta gare ni. Taɓaryar dakan masara tana jingine a bakin ƙofa, an wanke ta, ba ta gama bushewa ba. Ba a wanke taɓarya ranar Laraba.

Ina ganin ganyen ayaba a kan tebur sai sauran ya faɗo mini. Ɗa ɗaya gare ta, Cleto. Shekara biyu da suka wuce masu kamun aikin tilas suka zo neman mutum uku na fasa dutsen hanya, Maigida ya ba da sunansa don ya ɗaga masa murya. Tun daga nan, duk Larabar farkon wata, takan ƙunsa gurasar rogo da mazarƙwaila da ganyen taba, ta miƙa wa Maigida ya aika masa, tunda shi ke da hanya.

"Inna, kin ba da ƙunshin Cleto yau?"

Ba ta juyo ba.

"Na bayar. Ya karɓa, ya ce Cleto na gaishe ni, wai har ya yi ƙiba."

"Nicanor ya ga ganyen a bayan rumfa."

"Karnuka sun bar ganyen? To sun yi kirki."

Ta ajiye muciya, ta zauna a kan turmi, abin da ban taɓa ganin ta yi da rana tsaka ba. Ranar Lahadi, ta ce, Eulalia mai ɗinkin gidan tana gyaran tsohuwar kwat ɗin Maigida sai ta ji takarda a cikin shafin aljihu. Eulalia ta yi makarantar sistocin coci, tana karatu. Takardar daga sansanin hanya take. Zazzaɓi ya kashe Cleto wata goma sha huɗu da suka wuce, an binne shi a gefen hanya, an ce a sanar da uwarsa.

"Ban yarda ba, Casilda. Na ce Eulalia ba ta iya karatu ba. Na ce bari Laraba ta zo in gani da idona. Na ƙunsa, na ba shi, na bi shi. Ya tsaya bayan rumfa ya yi fito, karnuka suka zo. Yana kwance zaren yana yi musu wasa."

"Amma da taɓarya kika bi shi. Da takalmi."

"Da su na bi shi. Na ce in ƙarya ne in dawo in daka masarata." Ta dubi tafin hannunta. "Mijinki ya san ƙafata, shi ya sa na ɗauki takalmin da ba a kama mai shi. Na ce za su ga na ɗan gida ne su yi shiru. Ban kawo za su waiwaya su ɗauki mara takalmi ba."

"To sun ɗauka. Ƙarfe huɗu za su bi da shi bakin kogi."

"Na ji."

"Kin ji, kina nan kina juya wake?"

"Baƙi za su zo, wa zai sauke?"

Ban san sa'ad da na kama kafaɗunta na girgiza ba. Ina ƙaunar matar nan kamar uwata, kuma a lokacin da zan iya da na shaƙe ta. Na gaya mata komai, har da taku ukun, har da rusunawar, har da cewa bakina ne ya fassara wa Nicanor.

Ta ɗago ta dube ni.

"Na rusuna?"

"Kin rusuna, Inna."

"Ga gawarsa?"

Na gyaɗa kai. Ta sa gefen zaninta ta rufe baki, kafaɗunta na rawa, na kasa gane kuka ne ko dariya. Daga waje aka buga ƙararrawar taro.

*

An fito wa Doña Amparo da Fermín da Saje kujeru a tsakiyar filin shanya, inda ƙasa ke da sauran laima. Mu kuwa muna tsaye a kewaye kamar kullum, masu wanki, masu koko, Eulalia can baya da abin ɗinki har yanzu a yatsanta. An kawo Cipriano a ɗaure. An riga an ɗaura wa dawakai sirdi.

Nicanor ya yi bayanin alfadari da yayyafi, ya yi na takalmin da ƙafa ba ta cika ba. Taku ukun bai ambata ba. Saje ya ciro agogo ya duba.

"Saura kwata. Ka ba ni suna, ko ka matsa mini daga hanya."

"Maƙogwarona ya bushe, ranka ya daɗe, na san naka ma haka. Uwargida, ko za a kawo wa manya kofi?"

Doña Amparo ta ɗaga yatsa ɗaya, aka aika.

Inna Brígida ta fito da faranti, ta ɗaura farin gyale mai tsabta, ƙafa ba takalmi. Ta ba Uwargida, ta ba Saje, ta ƙare da Fermín, wanda yanzu shi ne Maigida. Ya ɗauki kofin ko kallonta bai yi ba. Ta tsaya a gabansa da farantin a ƙirji.

Ta san abin da ake jira, ni na gaya mata. Juyawa kawai za ta yi ta tafi, Nicanor ya rasa abin nunawa, don ba alƙalin da zai kama tsohuwa a kan zancen mai wanki. Na ga ƙafarta ta dama ta motsa kamar za ta juya. Na ga ta ɗago ido ta dubi Cipriano. Ni dai har ga Allah ban san wanne nake roƙo ba.

Sai ta ja da baya. Ɗaya, biyu, uku. Gwiwa ta lanƙwasa, yatsun dama suka nutse a bayan dunduniyar hagu.

Nicanor ya tako a hankali ya tsuguna a gefen sawun, ya ajiye tsinkensa.

"Ranka ya daɗe, zo ka ga wannan, sannan mu je bayan rumfa ka ga ɗan'uwansa."

"Ba sai kun wahala ba," in ji Inna Brígida. "Ni ce. Ku kwance yaron mutane."

Doña Amparo ta ajiye kofinta a kan ɗan farantinsa.

"Brígida. Ke? Shekara arba'in kina cin abincin gidan nan."

"Dafawa nake yi, Uwargida. Ci kuwa a tsaye, abin da ya dawo daga tebur." Ta zaro takardar daga ƙirjinta ta miƙa wa Saje. "Abu ɗaya nake so in ji daga bakinki. Kin san da wannan?"

Doña Amparo ta dubi takardar daga nesa, ba ta tambayi ko ta mece ce ba.

"Makon bikin Ista ta iso, gida cike da baƙi daga birni. Ya ce a bari sai sun tafi. Daga baya kuma..." Ta gyara mayafinta. "Ai ba ki rasa komai ba a wurinmu."

Na ji mutanen filin sun matso taku ɗaya, duka a tare. Saje ma ya ji, don ya yi saurin ninke takardar ya ce a kwance Cipriano.

"Wa ya karanta miki? Wa ya goge takalmin ya mayar? Kai mai sawu, ita kaɗai ce?"

"Sawu ɗaya na gani a wajen gawar, ranka ya daɗe."

Gaskiya ya faɗa, iyakar abin da aka tambaye shi. Ni ko waiwayar Eulalia ban yi ba.

Inna Brígida ta sunkuya ta ajiye farantin a ƙasa, gaban kujerar Fermín. Ta kwance farin gyalen ta ɗora a kai. Sannan ta juya musu baya, shi da uwarsa, ta miƙe sak zuwa wajen dawakai. Tafiyar ta zo mata wani iri, har ta yi tuntuɓe sau ɗaya.

"Casilda," ta ce tana wucewa, "a sauke waken nan, zai kama."

*

Aka mayar da igiyar Cipriano hannunta. Da suka doshi hanyar bakin kogi sai ga Nicanor ya rataya gorar ruwa da adda yana biye.

"Kai kuma ina za ka?" in ji Saje.

"Gari. Zan bi bayanku da ɗan nisa, ba zan dame ku ba."

"Wa ya gayyace ka?"

"Ba kowa. Sai dai tsohuwa ce, ranka ya daɗe, ƙafarta ciwo take. In aka ce ta yi gudu, alƙali zai so a karanta masa ƙasa, ni kuwa ba na iya yi wa ƙasa ƙarya. Ka gani da idonka yau."

Saje ya tofar da yawu ya zaburi doki. Nicanor ya bi su, kansa a sunkuye, ba sauri, karo na farko da rashin saurinsa bai ba ni haushi ba. Washegari da yamma ya dawo ya ce ta isa da ƙafarta.

Cipriano ya rayu har ya ga jikoki, kuma bakinsa bai gyaru ba. Inna Brígida an yanke mata shekara ashirin, ta yi shida rai ya yi halinsa. Sau ɗaya na tambaye ta ta tsakanin ƙarafan gidan yari ko da gangan ta ja da baya a filin shanya, ko ƙafar ce ta sake cin amanarta. Ta ce ita ma tambayar da take kwana da ita ke nan.

A shekaru shidan nan, duk Larabar farkon wata nakan ƙunsa gurasar rogo da mazarƙwaila da ganyen taba, in tashi da asuba in taka zuwa gidan yarin, can gaba da gari, wuni guda zuwa, wuni guda dawowa. Masu alfadarai sun sha cewa in kawo su kai mata, ai hanyarsu ce, har Cipriano ya yi fushi da ni a kai. Ban taɓa ba kowa ba. Sai na ga ta kwance zaren da hannunta nake juyowa.